Lambar Gidan Kwamfuta: Yadda Aka Raba Filayen Intanet Kafin Kano Ta Iso

Duk wanda ya taɓa neman gida a cikin birnin Kano ya san ba da lamba ake nema ba. Cewa ake yi a Yakasai ne, bayan masallaci, gidan Alhaji wane mai goro. Idan ka ɓace sai ka tsayar da yaro, ko ka yi sallama a majalisar dattawa a ɗora ka a hanya. Tsari ne da ya yi wa mutane aiki ɗaruruwan shekaru, domin ya ginu a kan sanayya. Da Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, suka zauna a wajen ganuwa, wajajen Nassarawa da Bompai, sai suka zo da nasu tsarin. Suka auna ƙasa, suka yanka ta fuloti-fuloti, suka ja tituna, kowane titi da sunansa, kowane fuloti da lambarsa a kundin ofishin safiyo. A Nassarawar ne Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a 1909, sannan dokar garuruwa ta 1917 ta ƙara tabbatar da irin waɗannan unguwanni a matsayin keɓantattun wuraren Turawa. Har gobe idan ka ce Titin Sultan ko Titin Alu lamba kaza, baƙon da bai san kowa ba zai iya kai kansa ƙofar gidan.

Na'ura kuwa baƙuwa ce a ko'ina, ba ta da wanda za ta tsayar ta tambaya. Saboda haka da aka tashi haɗa kwamfutoci su riƙa aika wa juna saƙo, tsarin Nassarawa aka bi, ba na cikin birni ba. Adireshin IP, wanda shi ne darasin farko mai wuya ga duk ɗalibin da ke koyon haɗa netwok, kashi biyu ne: na farko sunan titi, wato netwok ɗin da na'urar take, na biyu lambar gida, wato ita kanta na'urar. Malamai kan koyar da shi kamar lissafi zalla, alhali kusan kowace ƙa'ida da ɗalibi ke haddacewa tabon wani abu ne da ya faru, kuma akasarinsa ya faru ne tun intanet ba ta leƙo ƙasar Hausa ba.

A ranar 29 ga Oktoba, 1969 aka aika saƙon farko a ARPANET, hanyar sadarwar da ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta, daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles zuwa cibiyar bincike ta Stanford. Cikin 'yan shekaru sai netwok ya yawaita, wannan na waya, wancan na rediyo, wani na tauraron ɗan'adam, kuma babu mai jin yaren wani. Vint Cerf da Bob Kahn ne suka fitar da shawarar yadda za a ɗinke su a 1974. Aka yi ta gwaji da gyara har zuwa Satumban 1981, lokacin da aka buga takardar da ake kira RFC 791, wadda ta tsayar da sigar IP ta huɗu. Ita muke amfani da ita har yau. Editan takardar, Jon Postel na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, shi ne kuma mai riƙe da kundin lambobi. Mutum guda, da 'yan mataimakansa, shi ke rubuta wa aka ba wane fili a duniya baki ɗaya, har ya rasu a Oktoban 1998. Ranar 1 ga Janairu, 1983 ARPANET ta koma kan sabon tsarin gaba ɗaya.

Abin da takardar ta yanke shi ne kowane adireshi zai zama jerin sifili da ɗaya guda 32. Don sauƙin ido aka kasa su kashi huɗu, takwas-takwas, ana rubuta kowane kashi da lambobin da muka saba, a sa ɗigo a tsakani. Guraben nan takwas kowanne da nauyinsa: 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1. Gurbin da ke da ɗaya sai a ƙirga nauyinsa, mai sifili a tsallake. Haka 11000000 ya zama 192, wato 128 da 64, shi kuma 10101000 ya zama 168. Idan duk guraben suka cika, jimillar 255 ce, shi ya sa ba za ka taɓa ganin adireshin gaske da 300 a cikinsa ba, sai dai a fim. Gaba ɗaya adireshin da tsarin zai iya bayarwa 4,294,967,296 ne. A 1981 mutanen duniya kimanin biliyan huɗu da rabi ne, kwamfuta kuwa kayan jami'a ne da barikin soja, don haka adadin ya yi kama da abin da ba zai ƙare ba. Cerf da kansa ya sha faɗa daga baya cewa shi a matsayin gwaji ya ɗauki abin, gwajin ne ya kuɓuce ya zama duniya.

Da yake ana ganin fili a yalwace, sai aka yi rabo hannu sake. Aka kasa netwok aji uku. Ajin A yana ɗauke da adireshi 16,777,216, ajin B 65,536, ajin C kuma 256. Wanda ya zo da wuri ya nema, sai a ba shi. Jami'ar MIT ta samu duk adireshin da ya fara da 18, Stanford ta samu 36, kamfanin Apple 17, kamfanin motoci na Ford 19. Ma'aikatar tsaron Amurka ita kaɗai tana riƙe da irin waɗannan manyan filaye goma sha uku, sama da adireshi miliyan 200, wanda ya zarce abin da nahiyar Afirka gaba ɗayanta ta taɓa samu. Ba za a ce mugunta aka shirya ba. Hausawa dai sun ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. A lokacin da ake wannan rabo, mai son buga waya daga Kano zuwa Legas sai ya yi sa'a, NITEL ma sai a 1985 aka kafa ta, kuma har ƙarshen ƙarnin layukan waya masu aiki a Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. Mai layin 064 a falonsa a Nassarawa babban mutum ne.

Ba a jima ba aibin tsarin ajin ya bayyana. Ma'aikata mai kwamfuta dubu biyu ajin C ya yi mata kaɗan, sai a ba ta ajin B, ta yi amfani da dubu biyu ta kwanta a kan dubu sittin da uku. A 1985 aka fito da hanyar da mai babban netwok zai yanka shi ƙanana a cikin gida, abin da ɗalibai ke kira sabnet. A nan aka samo lambar rakiya, irin su 255.255.255.0, wadda aikinta kawai ta nuna inda sunan titi ya ƙare, lambar gida ta fara. A farkon shekarun 1990 aka hango cewa ajin B na dab da ƙarewa, kuma jadawalin hanyoyi da manyan rautoci ke riƙewa ya fara fin ƙarfinsu. Sai a 1993 aka soke ajin gaba ɗaya, aka kawo CIDR, wanda ya ba da damar a yanka fili daidai buƙata. Daga nan ne aka fara rubuta karan tsaye da lamba a bayan adireshi. Idan an rubuta /24, ana nufin gurabe 24 na farko na netwok ne, takwas da suka rage na na'urori. Abin mamaki, shekara talatin da ɗoriya da binne ajin A da B da C, har yanzu da su ake buɗe darasi a cibiyoyin koyon kwamfuta da dama, ɗalibi ya haddace su kamar dokar da ke aiki.

Lissafin da ke wahalar da masu koyo ba wani dogo ba ne. Gurabe takwas suna ba da adireshi 256. Na farko sunan netwok ɗin ne, na ƙarshe na shela ne, wato wanda ake aika wa saƙon da ake so kowa ya ji, saboda haka 254 ne za a iya raba wa na'urori. Idan ka ari gurabe biyu ka mayar da shi /26, ka samu netwok huɗu, kowanne da adireshi 64, masu amfani 62, lambar rakiyar kuma ta koma 255.255.255.192. Wannan ba wasan allo ba ne. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, zauren jarrabawa mai kwamfuta 250 ya zama abin da aka saba gani a Kano. Ƙara na ko-ta-kwana, da sabar da ke riƙe da tambayoyi, da rauta, sai ka ga an haura 254. Injiniyan da ya tsaya a kan /24 don shi ya saba gani, ranar jarrabawa zai ga wasu kwamfutocin sun ɗauki adireshi mai farawa da 169.254, alamar na'ura ta nemi a ba ta lamba ba ta samu ba, ta laƙaba wa kanta wadda ba za ta kai ta ko'ina ba. Da ya matsar da iyakar gurbi ɗaya zuwa /23, da yana da 510.

CIDR ya rage ɓarna, amma bai ƙara ko adireshi ɗaya ba. Dabarar da ta tsawaita ran tsohon tsarin ita ce NAT, wadda aka bayyana a 1994, da kuma keɓe wasu adireshi don amfanin cikin gida, wanda RFC 1918 ta tabbatar a 1996: duk mai farawa da 10, da na 172.16 zuwa 172.31, da na 192.168. Waɗannan kowa na iya amfani da su ba tare da neman izini ba, da sharaɗin ba za su fita intanet ba. Rauta ce ke tsayawa a ƙofa, ta karɓi saƙon kowace na'ura, ta cire adireshin cikin gida ta manna nata na waje, ta rubuta wa ya aiko, idan amsa ta dawo ta miƙa wa mai ita. Shi ya sa 192.168.1.1 ke maƙale a bayan rautoci a ofisoshin Titin Bompai da otal-otal ɗin Nassarawa da miliyoyin gidaje a Sin da Birazil, kuma babu mai karo da wani.

A daidai wannan zamani intanet ta iso Najeriya. An yi wa ƙasar rajistar .ng a 1995, Ibukun Odusote ta Kwalejin Fasaha ta Yaba ce mai kula da shi, na'urorin da ke riƙe da shi kuwa da farko a Italiya suke. A 1996 hukumar NCC ta fara ba kamfanoni lasisin sayar da intanet, kuma akasarinsu a Legas suka tsaya. Wayar SAT-3 ta ƙarƙashin teku ma a Legas ta sauka, Kano kuwa tana da nisan kusan kilomita dubu daga bakin ruwa. Don haka kafe-kafen da suka cika gari a farkon shekarun 2000, inda matasa ke sayen awa ɗaya ko su kwana lilo da dare don ya fi sauƙi da sauri, yawancinsu da faranti mai kallon tauraron ɗan'adam suke aiki. Adireshin waje ɗaya ko 'yan kaɗan mai kafe ke samu daga kamfanin da ke Turai ko Isra'ila ko Amurka, ya jera kwamfuta ashirin a bayansa. Mutum yana zaune a Titin Zoo, shafin da ya buɗe yana ɗaukarsa mazaunin wata ƙasa. Saƙon da aka aika daga Fagge zuwa Sabon Gari sai ya hau sama, ya sauka a wata nahiya, ya dawo. Ashe Kanawa sun fara sanin intanet ne daga bayan NAT, da lambar aro.

Masu koyon aikin kuma a nan suka taso. Wasu a kafe suka koya, suna matse kan waya da hannu, suna buga ping su ga ko saƙo ya je ya dawo. Wasu a Jami'ar Bayero, wadda tana cikin jami'o'i huɗu na Najeriya da gidauniyar MacArthur ta tallafa wa tun farkon shekarun 2000, tare da ta Ahmadu Bello da Ibadan da Fatakwal. Cibiyar CITAD ta su Y. Z. Ya'u ta daɗe tana koyar da matasa kwamfuta a garin, cibiyar horarwa ta Digital Bridge da NCC ta kafa a 2004 ma tana da reshe a Kano. Manhajar Cisco ce ta mamaye fagen, kuma takardar shaidar CCNA ta zama abin da saurayi ke nunawa idan yana neman aiki a banki ko kamfanin waya, musamman bayan MTN da Econet sun fara aiki a Agustan 2001.

Duk wannan lokacin Afirka ba ta da ofishin rabon adireshi nata. Turai ta kafa RIPE NCC a 1992, Asiya ta kafa APNIC a 1993, Arewacin Amurka ARIN a 1997, Latin Amurka LACNIC a 2002. Kamfanin Najeriya mai son adireshin kansa sai ya rubuta takarda zuwa wata nahiya. Mutane irin su Nii Quaynor na Gana sun shafe shekaru suna fafutuka kafin a amince da AFRINIC a Afrilun 2005, da hedikwata a tsibirin Morishus, da Adiel Akplogan ɗan Togo a matsayin shugabanta na farko. Babban filin da aka fara ba ta shi ne mai farawa da 41, sai 197, sai 105. Wanda ya duba adireshin da wayarsa ke fita da shi a Kano yau, galibi ɗaya daga waɗannan zai gani, ko kuma 102.

Shi 102 da labarinsa. Ranar 3 ga Fabrairu, 2011, a wani ɗan biki a birnin Miami, aka raba manyan filaye biyar na ƙarshe da suka rage a babban rumbun duniya, kowace nahiya ɗaya, na Afirka shi ne 102. Asiya ta kai ƙarshen nata bayan watanni biyu da ɗoriya, Turai a 2012, Latin Amurka a 2014, Arewacin Amurka a 2015. Abin da da ake bayarwa kyauta sai ya zama haja. A 2011 Microsoft ta sayi adireshi 666,624 daga kamfanin Nortel da ya karye a kan dala miliyan bakwai da rabi, kowanne dala 11.25, kuma cikin shekara goma farashin ya ninka sau da yawa. Stanford ta riga ta mayar da nata filin tun a 2000 ba ta karɓi ko sisi ba. MIT kuwa ta jira, ta sayar wa Amazon wani ɓangare na nata a 2017.

Sai ya zama wadda ta zo a ƙarshe ita ce kaɗai ke da saura a rumbu, idon duniya ya dawo kanta. A 2019 masu bincike da 'yan jarida suka tono cewa an yi shekaru ana sauya bayanai a kundin AFRINIC ana karkatar da adireshi, kuma binciken da hukumar ta yi da kanta ya nuna abin ya haura miliyan huɗu. Kafin wannan ƙura ta lafa sai rigima ta ɓarke tsakaninta da Cloud Innovation, kamfani mai rajista a Seshels da aka ba adireshi sama da miliyan shida. AFRINIC ta ce yana ba da hayarsu a wajen nahiyar saɓanin yarjejeniya, kamfanin ya ce bai karya wata ƙa'ida ba. A Yulin 2021 kotu a Morishus ta rufe asusun hukumar na wasu watanni, ƙararraki suka yi ta hauhawa, majalisar gudanarwarta ta watse, a Satumban 2023 kotu ta naɗa mai riƙon ƙwarya. Zaɓen Yunin 2025 soke shi aka yi, sai a Satumba aka samu sabuwar majalisa. Ban ga dalilin da zai sa a koya wa ɗalibi yanka /26 a bar shi bai san wannan ba, tunda kundin da ake shari'a a kansa shi ne shaidar cewa adireshin kamfanin da zai ɗauke shi aiki nasa ne.

Mallakar adireshi ma rabin aiki ne, sauran rabin shi ne sanar da duniya ta ina ake zuwa wurinsa. Kowane babban netwok yana shelanta wa maƙwabtansa filayen da ke hannunsa, su kuma su faɗa wa na gaba, kuma akasari a kan amana ake karɓar maganar. Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya sa hanyoyin zuwa wasu adireshin Google suka bi ta Sin da Rasha har fiye da awa guda, kamfanin kuma ya fito ya amsa kuskurensa. Ta fuskar gyara, an kafa mahaɗar IXPN a 2006 don saƙon da ya tashi daga Najeriya zuwa Najeriya ya daina zagayawa ta Landan, kuma daga baya ta buɗe reshe a Kano. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a kan Titin Ahmadu Bello a Kano. Su kuwa talakawan gari, da yawansu sun fara jin kalmar IP ne a Yunin 2021, lokacin da gwamnati ta toshe Twitter, kowa ya ɗora VPN a wayarsa ya ari adireshin Holan ko Kanada, har aka buɗe a Janairun 2022.

Maganin ƙarancin ya daɗe a ajiye. An fitar da IPv6 tun a Disamban 1995, mai gurabe 128 maimakon 32. Adadin adireshinsa lamba ce mai alƙaluma 39. Manyan kamfanonin duniya sun kunna shi dindindin ranar 6 ga Yuni, 2012, kuma a Indiya, inda kamfanin Jio ya fara da shi tun 2016, da Faransa da Jamus, fiye da rabin masu shiga intanet da shi suke shiga. A Najeriya kason har yanzu ƙarami ne. Abin da kamfanonin waya suka fi dogara da shi shi ne NAT a kan NAT, inda ɗimbin masu layi ke fita da adireshin waje guda, har aka ware wa wannan dabara filinta a 2012, mai farawa daga 100.64. Mai kallon bidiyo ba zai ji komai ba. Amma ɗan kasuwar da ya kafa kyamara a shagonsa na Kantin Kwari yana son ya duba ta daga gida, shi zai gane cewa shagon ba shi da lambar da za a same shi da ita daga waje. Ko ya biya ƙarin kuɗi a ba shi adireshi tsayayye, ko hoton shagonsa ya bi ta sabar kamfanin da ya ƙera kyamarar a wata ƙasa kafin ya iso Nassarawa.

A yawancin azuzuwa IPv6 ne babin ƙarshe, wanda ake kaiwa gare shi lokacin da zango ya ƙare, malami ya ce a karanta a gida. Ɗalibai na gudunsa don tsawonsa da haruffan da ke cakuɗe da lambobi, alhali lissafinsa ya fi sauƙi. Netwok na yau da kullum /64 ne, na gida ne ko na jami'a, kuma shi kaɗai ya ninka dukkan adireshin tsohon tsari sau biliyan huɗu da ɗoriya, don haka babu ƙirgen 62 ko 254, babu cire na shela. Rumbun AFRINIC na wannan sabon tsari yana nan kusan a cike, kuma yawancin filayen da take bayarwa daga cikinsa da 2c0f suke farawa.